Ingilishi, Larabci da Sinanci a tare: zai yiwu, ko taura uku nake son taunawa?

Ɗan Garin Malam:

Assalamu alaikum, manya da ƙanne. Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou, shekara ta biyu. Da Hausa na tashi, Faransanci kuma na lakwal ne, da shi nake karatu da rubutu. Larabcina na allo ne da na islamiyya: rubutu mai wasali ina karanta shi ba gargada, amma in Balarabe yana magana a rediyo sai dai in tsinci kalma nan, in tsinci wata can. Ingilishi kuwa shekara bakwai aka yi ana koya mana, daga koleji har bak, amma yau in baƙo ya tambaye ni hanyar tasha sai harshena ya ɗaure.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne bidiyon mutanen nan masu harsuna goma, har ashirin. Mutum ya tare wannan a titi ya yi masa Sinanci, ya juya ya yi wa wancan Rashanci, kamar ruwa. Wallahi suna burge ni. Wata uku ke nan na raba kwanakina: yau Ingilishi, gobe Larabci, jibi Sinanci, awa guda kullum, saboda ina hangen ko aikin tafinta wajen ƴan Shinuwa. Sakamakon dai, in na nemi kalmar Ingilishi sai ta Larabci ta zo, abin da na koya ran Litinin kuma kafin Alhamis ya gudu.

Shin ana iya ɗaukar uku a tare? In ba a iyawa, wanne zan fara? Kuma su waɗannan masu harsuna barkatai, baiwa ce ko akwai dabarar da ba a gaya mana ba?

Mushe Angile:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ɗauko bik mu yi lissafi tukuna, don a nan maganar take. Cambridge, masu shirya jarrabawar Ingilishi, suna ƙiyasta cewa daga farawa zuwa matakin B1, wato matsakaicin iyawa, ana bukatar awa 350 zuwa 400 na karatu da malami, B2 da ke gaba da shi kuma awa 500 zuwa 600. Makarantar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna tana ba Faransanci wajen mako 30, Larabci da Sinanci kuwa awa 2,200 kowanne, mako 88 ba su da wani aiki sai shi. Kai awa guda gare ka, ka raba ta uku. Kowane harshe ya samu awa 120 a shekara. Raba 2,200 da 120 ka gani: shekara 18. Matsalar ba ta ƙwaƙwalwarka ba ce.

Shawarata, shekara guda cur ka ba Ingilishi. Dalili na farko, shi ne mafi kusa da nuna, tunda akwai shekara bakwai kwance a ƙasa. Na biyu, tun 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, ga Kano nan kusa. Na uku, mafi yawan kayan koyon Sinanci masu kyau da Ingilishi aka yi bayaninsu, don haka shi ne tsaninka.

Faransancinka jari ne babba, domin kalmomin Ingilishi na karatu da ofis da yawansu daga Faransanci da Latinanci suka fito. Amma a nan tarkon yake. Actually ba actuellement ba ce, library ba librairie ba ce, attend ba attendre ba ce, kuma wanda ya ce ya yi pass a jarrabawa ya ci ne, alhali passer un examen zaman rubutawa ne kawai. Ka ware shafi biyu a ƙarshen kaye don irin waɗannan munafukan kalmomi, duk wadda ta yaudare ka sau ɗaya ka rubuta ta da jimla.

Ga abin da ba a cika faɗa a aji ba: a wajen aikatau, Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi. Je mange tana ɗaukar ma'ana biyu, amma mu muna rarrabe "nakan ci" da "ina ci", kuma daidai haka Ingilishi ke rarrabe I eat da I am eating. Ɗalibin da ke bi ta Faransanci yana ta ruɗewa a nan, wanda ya bi ta Hausa kuwa cikin minti biyar ya gama. Kuskuren da Faransanci ke haifarwa kuma shi ne I have seen him yesterday, saboda an kwaikwayi passé composé. Da zarar ka ambaci lokacin da ya wuce ya ƙare, jiya ko bara, sai I saw.

Sai furuci. Harafin f na Hausa da leɓɓa biyu ake yin sa, shi ya sa copy da coffee, ko pull da full, suke fitowa iri ɗaya a bakinmu. Gyaran na madubi ne: f haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, p leɓɓa a rufe sannan su fashe. Riƙe ƴar takarda gaban baki, in ka ce p a farkon kalma ta motsa. V kuma f ce da murya, ba b ba ce, in ba haka ba vote ta zama boat. Bakinmu ba ya son baƙaƙe su haɗu ba wasali, shi ya ba mu burodi da sukurudireba, don haka kalmomi irin su street da asked sai an bi su a hankali. H kuwa kada ka bar Faransanci ya haɗiye maka ita, kana da ita a Hausa, ka furta ta, kada hungry mai yunwa ya koma angry mai fushi.

Awar taka ka kasa ta haka. Minti 15 bayan asuba, bitar kalmomi. Minti 25 saurare da rubutu a hannu: shirin BBC na 6 Minute English ya dace, yana da rubutaccen abin da aka faɗa, kuma ana sauke shi a waya lokacin da akwai mega a ajiye. Saurara sau biyu ba ka duba rubutu ba, sannan ka karanta ka tsamo kalma takwas, kada su wuce goma, sannan ka sake saurare ido na bin rubutu, kashegari ka ji shi ba takarda. Minti 20 na ƙarshe, baki ko alƙalami: ka ba da labarin abin da ka ji da kalmominka. Wannan na ƙarshen shi ake tsallakewa don ya fi zafi, kuma rashinsa ne ya sa shekara bakwai ba su ba ka hanyar tasha ba. Aji cike da ɗalibai, minti nawa kowa ya buɗe baki a shekara?

Larabci da Sinanci ka jingine su.

Malam na Birni:

Mushe ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira, amma jimlarsa ta ƙarshe ban yarda da rabinta ba. Sinanci a jingine, na amince. Larabci kuwa ba sabon harshe ba ne a wurin yaron nan, tsohuwar gona ce da ta yi ciyawa. Minti ashirin tsakanin magariba da isha'i sun isa su hana ta komawa daji, kuma ba za su taɓa awar Ingilishi ba.

Ɗana, dabarar da kake cewa an ɓoye, a tsangaya ka baro ta. Almajiri ba ya wanke allo sai ya haddace, kuma bayan ya wanke ba a ce an gama ba: gobe ya tisa, jibi ya tisa, sabon karatu kaɗan, tilawar baya da yawa. Gardin da ya bar tilawa wata biyu ya san abin da ke biyo baya. Kai kuma ka koyi abu ran Litinin, ba ka waiwaye shi ba sai Alhamis, ka ɗora masa harsuna biyu a kai. Ina zai tsaya?

Ciwon Larabcinka sananne ne. Ka saba da rubutu mai wasali, jarida da littattafan zamani kuwa ba su da shi, mai karatu ne ke sa wasalin daga sanin sarfu da nahawu. To sarfu za ka fara kamawa. Kalmar Larabci tana da saiwa, galibi baƙi uku. Daga k-t-b aka sami kataba, kitab, katib, maktub, maktab, maktaba. Kuma kana da ɗaruruwan saiwoyin nan a bakinka ba ka sani ba: hukunci, hakimi, hikima da hukuma duk ƴaƴan h-k-m ne. Ka yi kaye na saiwoyi, kowane shafi saiwa guda, duk kalmar da ka ci karo da ita ka kai ta gidan ubanta. Awo goma na aikatau da aka fi amfani da su, ka ɗauki ɗaya kowane mako, cikin wata uku ka zagaye.

Dokoki biyu kada ka karya. Suna ba a haddace shi sai da jam'insa, kitab da kutub, ƙalam da aƙlam, domin jam'in Larabci kamar na Hausa yake, ba ya bin hanya guda. Wa zai ce daga littafi za a sami littattafai? Aikatau kuma ba a haddace shi sai da sigarsa ta yanzu, saboda wasalin tsakiya yana sauyawa: kataba yaktubu, jalasa yajlisu, fataha yaftahu. Wanda ya haddace rabi zai dawo ya sake aikin.

Munafukan kalmomin da Mushe ya ambata, mu ma muna da su. Daƙiƙa a Hausa sakan ce, a Larabci kuwa minti ce. Nahiya a wurinmu Afirka ce ko Turai, a wurinsu gefe ne ko yanki. A ɗaya ɓangaren kuma akwai sauƙi: rana mace ce, wata namiji, a Hausa da Larabci duka, Faransanci ne ya juya su.

Don kunne, labaran rediyo na Larabci minti biyar, amma ka fara sanin labarin da Hausa, sai kunne ya sami abin kamawa. Ka kuma sani wannan Larabcin na littafi ne. Wanda zai je Sabha ko Tamanrasat zai tarar da na kasuwa daban, wannan sai zama da masu shi.

Batun baiwa. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don wasiƙu, ya kuwa iya kafin rabin wata ya cika. Baiwa ce, ba musu. Amma ka lura, matashi ne mahaddaci, harshen ɗan uwan Larabci ne, kuma akwai aikin da ke jiran sa. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, kowanne da waɗanda take nufi da shi: malamai, dangi, matan karkara. Harshen da ba shi da aikin yi a rayuwar mutum ba ya zama.

Ɗan Garin Malam:

Na gode Mushe, Allah gafarta Malam na gode. Lissafin shekara 18 ɗin nan ya sanyaya mini jiki. To batun bitar, na taɓa sa Anki, manhajar bitar kalmomi da kati, a waya, sati biyu na farko lafiya lau, da na yi kwana huɗu ban buɗe ba saboda jarrabawa sai na tarar da kati fiye da ɗari biyar suna jira, na goge shi. Ni ne ban iya ba? Kuma wa zan yi magana da shi a Damagaram, tunda duk wanda na sani da Hausa za mu ƙare?

Hajiya Tafinta:

Ƙanena, ba kai kaɗai ba ne, haka Anki ke korar mutane. Yana zuwa a saite da sabbin kati 20 a rana, kuma bayanin masu shi da kansa ya ce mai ɗaukar 20 kullum ya sa ran bitar kusan 200 a rana in tafiya ta yi nisa. Wato duk sabon kati guda bashi ne na bita goma. Mayar da shi 8. In ka yi fashi, sa sabbi a sifiri, ka riƙa biyan bashin 60 ko 70 kullum har ya ƙare, sannan ka buɗe ƙofa. Lokacin jarrabawa ma haka, a rufe sabbi, a bar bita. Takwas a rana, kwana 300, kalma 2,400 ke nan, ba abin rainawa ba ne.

Abin da Malam ya faɗa na tisawa, wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya auna shi a 1885: mantuwa ta fi gudu a awoyin farko da kwanan farko, sannan ta lafa, kuma kowace bita tana tsawaita lokacin da abu zai zauna. In waya ba caji ko ba ka son ta, takarda tana yi. Yanka farar takarda gida takwas, ka sami kwalin sukari ka raba shi ɗaki biyar. Ɗaki na ɗaya kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku mako, na huɗu mako biyu, na biyar wata. Katin da ka ci ya matsa gaba ɗaki guda, wanda ka faɗi ya koma na ɗaya ko daga ina yake. Tsarin Leitner ke nan. Sharaɗinsa, ka faɗi amsa da baki kafin ka juya kati. Wanda ke juyawa yana cewa "ai na sani" yana yaudarar kansa ne, ganewa daban, tunowa daban, kuma tunowar ce ake bukata a bakin tasha.

Kada ka rubuta kalma tsirara. Rubuta gajeriyar jimlar da ka tsince ta a ciki, ka bar gurbinta. Depend ita kaɗai ba ta da amfani in ba ka san on ke bin ta ba, sai ka sa of don Faransanci ya ce dépendre de. Bayan katin kuma, in kalmar ta yau da kullum ce, sa Hausa, kada ka riƙa hawa gada biyu kafin ka kai.

Cakuɗewar da kake kuka da ita tana da dalili. Harsunan da suka kafu ba su cika faɗa da juna ba, Hausa da Faransancinka ai ba sa rikicewa. Raunana biyu ne ke shiga gonar juna, don in ƙwaƙwalwa ta nemi kalmar baƙon harshe sai ta miƙo wadda ta fi kusa da hannu. Shi ya sa tsarin Malam zai yi aiki in ka raba su sosai: Ingilishi da safe, Larabci da dare, kaye daban, wurin zama daban, kada a haɗa katinsu a kwali guda.

Abokin magana kuwa, ba fada kake zuwa ba? Nemi mutum uku, kada ku wuce huɗu, masu matakin da ya yi kusa da naka. Shayi zagaye uku ne: na farko Ingilishi zalla, a kan batu guda da aka sanar tun jiya don kowa ya zo da kalmominsa, na biyu gyara, na uku ku koma Hausarku ku yi dariya. Mutum ɗaya ya riƙe takarda yana rubuta kurakurai shiru. Abu biyu ke kashe irin wannan zama: gyara mutum a tsakiyar jimla, da wanda ya fi kowa iyawa ya mamaye fili. A sa agogo, kowa minti biyu. Ranar da ba fada, ɗauki sautin sakan 40, ka bi mai magana kana faɗa a bayansa kamar amshi, sau goma, sannan ka naɗi muryarka ka kwatanta. Ba daɗin ji, amma nan za ka kama cewa kana danna ƙarshen kowace kalma irin na Faransanci, alhali Ingilishi wurin dannawa yana yawo: photograph a farko, photography a gaɓa ta biyu.

Yanzu masu bidiyo. Wasunsu gwanaye ne na gaske, amma ka kula da abin da ake faɗa: gaisuwa, ina ka fito, na koyi harshenku wata kaza, abincinku da daɗi. Jimla ashirin ne suke juyawa, kuma an yanke wuraren da aka kakare. Ma'aunin mai aikin fassara daban ne: zai iya sasanta rigimar kuɗi ta waya, inda ba a ganin hannu ba a ganin fuska? Zai karanta jarida? Binciken Paul Nation, masanin koyon kalmomi, ya nuna sai mai karatu ya san kusan 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya tafi ba ƙamus, kuma a Ingilishi wannan yana bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Kalmomi 2,000 na farko suna rufe wajen kashi 80, wanda ke da daɗin ji, amma ma'anarsa kalma guda cikin biyar duhu ce.

Manyan da aka tabbatar da su ma ba sihiri suka yi ba. Mezzofanti, limamin cocin Italiya da ya rasu a 1849, bai taɓa barin ƙasarsa ba, amma ya yi ta zama da sojojin ƙasashe da ke jinya a Bolonya, daga baya da ɗaliban duniya a Roma, kullum yana da wanda zai yi wa magana. Kató Lomb ta Hangari, wadda ta yi aiki da harsuna 16, kimiyya ta karanta, kuma da karatun littattafan labari ta riƙa kama harsuna, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekaru masu yawa.

Kuma me ya kai mu nesa? Barth, matafiyi Bajamushe wanda ake kira Abdulkarim, da ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852 yana jin Larabci da Hausa da Barbarci, kuma duk inda ya bi yana rubuta kalmomi daga bakin mutane. Yaron da ke tare da shi, Dorugu, ɗan yankin Kance ne. An kama shi bawa yana ƙarami, aka ƴanta shi a Barno, ya bi Barth har Tumbutu, ya isa Ingila a 1855, ya koyi Ingilishi, kuma daga bakinsa Schön, wani Bajamushe mai nazarin harsuna, ya ɗebi Hausar da ya yi nazari a kai. A Kano ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa, ya rasu a 1912. Yau ma ka shiga Kasuwar Dole, za ka sami mai sayar da kaya yana ciniki da Hausa, ya juya Barbarci, ya taɓa Fillanci da Buzanci, ya yi lissafi da Faransanci. Ba mai ɗaukar sa a bidiyo ne kawai.

Mai Sinanci:

Yaya Hajiya ta gama magana, ni dai zan ƙara na ranar da za ka dawo kan Sinanci, don kada wata ukun da ka yi su zama asara, kuma kada ka sake shiga ta ƙofar da ba ita ba.

Kana da abin da Bafaranshe ba shi da shi: kunnen karin sauti. Wuya ta jiki da wuya ta wahala, kuka na itace da kuka na hawaye, da sauti kake rarrabe su tun kana goye. Sai dai namu hawa ne da sauka a tsaye, sama ko ƙasa, da mai faɗuwa jefi-jefi, nasu kuwa huɗu ne kuma uku daga ciki suna motsi a cikin gaɓa guda. Ma ta farko, a sama a miƙe, uwa ce. Mai nitsewa ƙasa, doki. Mai faɗuwa da ƙarfi, zagi. Mai faɗuwar ba za ta ba ka wuya ba, tana kama da ta "yau". Ta biyu mai hawa da ta uku su ne ke rikita Bahaushe. Kuma in ta uku biyu suka haɗu, ta farkon takan koma mai hawa, shi ya sa gaisuwar ni hao ba a furta ta yadda aka sa mata alama. Don haka a yi atisaye da kalmomi masu gaɓa biyu, ba gaɓa ɗai-ɗai ba.

Makonni huɗu zuwa shida na farko, pinyin, wato rubuta Sinanci da haruffan boko, da sauti kawai. Kada ka karanta pinyin da idon Faransanci: q da x da zh ba abin da ka sani ba ne, kuma bambancin b da p, d da t, g da k a wurinsu na fitar iska ne. Takardar da Mushe ya ce a riƙe gaban baki, nan ma za ta yi aiki. Wanda ya yi sakaci da sauti a farko, ya tara kalma dubu a karkace, gyaransa ya fi koyon sabo wuya.

Nahawunsu da sauƙi, aikatau ba ya sauya siga, ba namiji ba mace a suna. Rubutun ne dutsen, ana bukatar alamomi wajen 2,500 zuwa 3,000 kafin jarida. Jarrabawar HSK ta iya Sinanci a tsohon tsarinta mai mataki shida tana neman kalma 150 a na ɗaya, 600 a na uku, 1,200 a na huɗu, 5,000 a na shida. Na uku zai ba ka hirar yau da kullum. Tafinta a wuri irin matatar man SORAZ kuwa sai an ƙara kalmomin aikin kansa, famfo, bututu, matsin iska, ka'idojin kariya, albashi da kwantaragi, kuma kuskure a nan ba abin dariya ba ne. Ka kuma tuna ma'aikatan Sin da yawa da lafazin lardinsu suke magana, ba irin na malamar cikin waya ba.

Abu guda na saɓa da Mushe: kada ka jingine shi ɗungurungum. Minti biyar na sauraren sautuka a kan hanyar jami'a, ba sabuwar kalma ko ɗaya.

Mushe Angile:

Minti biyar ba zan yi jayayya a kansu ba, muddin ba su zama ashirin ba, don haka ake fara zamewa. Malam kuma na karɓi gyara, a bar masa magaribarsa.

Ƙanena, ga yadda za ka san lokacin buɗe na gaba ya yi, kada ka bi jin jiki. Yau ɗin nan ka naɗi muryarka minti biyu kana bayanin unguwarku da Ingilishi, ka ajiye da kwanan wata. Duk ƙarshen wata ka sake, batu ɗaya, ka ƙirga sau nawa ka tsaya fiye da sakan uku. Ranar da ka ji sabon shiri na minti shida sau ɗaya ba rubutu, ka iya ba da labarinsa, kuma ka karanta shafin jarida kalmomin da suka kuɓuce maka ba su wuce goma ba, to ka rage Ingilishi zuwa minti 20, sauran 40 ka miƙa wa Mai Sinanci. Ka fara turo mana ta yau mu ji p ɗinka.